Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumarmu Da Kansiloli Kan Hidimar Tsofaffi Da Nakasassu

Mai girma Shugaba, masu girma kansiloli, da shugabannin sassa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ya aiki, ya haƙuri da jama'a. Allah ya taya ku riƙo.

Ni mai jinyar mahaifina ce, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Na rubuto ne a madadin wasu iyalai da muka zauna muka tattauna bayan sanarwar da ofishinku ya fitar kwanan baya. Cikinmu akwai dattawan da ƙafa ta daina kai su inda suke so, akwai makafi da kurame, akwai masu amfani da keken guragu, akwai iyayen yaran da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa, sannan akwai ire-irena masu ɗawainiya da su dare da rana. Ba mu da ofis, ba mu da hatimi, kuma ba wata jam'iyya ce ta turo mu ba.

Sanarwar ta ce duk wanda sunansa ke cikin jerin masu karɓar tallafin tsofaffi da nakasassu, sai ya zo sakatariya da kansa a sake tantance shi kafin wa'adi ya cika, ko kuma ya cike fom ta intanet, in ba haka ba a cire sunansa. Mun fahimci dalilinku. Kowa ya san irin wannan jeri ba ya rasa sunayen bogi, da na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya amma ana ta karɓa da sunansu, kuma ba ma goyon bayan a bar wasu su ci haƙƙin marasa ƙarfi. Sai dai ku dubi tsarin da kyau. Wanda zai fi kowa saurin tsallake shi shi ne mai ƙafa, mai waya, mai wayo, wato ainihin wanda kuke son kamawa. Wanda zai faɗi kuwa shi ne na kwance, wanda don shi aka yi tallafin tun farko.

Bari in fara da ginin kansa. Sashen walwalar jama'a a bene yake, kuma babu wata hanyar kaiwa gare shi sai matakala. Ranar da muka kawo mahaifina, mutumin da ya yi shekaru yana koyar da 'ya'yan mutane, ƙanena ne ya goya shi a baya ya hau da shi, ni kuma ina biye ina riƙe da ƙafar da ba ta motsi don kada ta bugi ƙarfe. Jama'a na kallo, wasu na cewa sannu, shi kuwa ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Da muka isa, sai na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi karɓar yatsunsa. Aka shafa masa mai, aka goge, aka danna, shiru. Ba laifin ma'aikaciyar ba ne, ta yi iya ƙoƙarinta, kuma sanannen abu ne cewa zanen yatsa kan dushe da tsufa da kuma aikin hannu. Amma babu wanda ya ba ta wata hanya ta biyu, don haka abin da ta iya faɗa mana shi ne mu dawo. A hanyar komawa mahaifina ya ce da ni in bar musu kuɗin. Ba shi kaɗai ba ne ya faɗi haka, kuma duk wanda ya haƙura, a takardunku zai fito a matsayin sunan bogin da aka yi nasarar cirewa.

Na ga an zuba siminti a ƙofar shiga ta ƙasa da sunan gangaren keken guragu. Ranka ya daɗe, ina roƙonka wata rana ka zauna a keken ka gwada hawa. Ƙa'idar da aka sani a ƙasashe da dama ita ce, duk tudun da ya kai ɗaya, gangarensa ya kai tsawon 12. Ma'ana in dandamalin ƙofa ya kai rabin mita, gangaren sai ya kai mita 6, da abin dafawa a gefe, da ƙofar da faɗinta ya kai wajen santimita 90. Wanda aka yi mana ko mai turawa sai ya yi nishi, a saukowa kuma sai an riƙe keken da ƙarfi kada ya kife. An biya ɗan kwangila, an ɗauki hoto, amma babu wani mai keke da aka kira ya gwada kafin a sa hannu a takardar kammala aiki. Maganar banɗaki kuwa ba sai na tsawaita ba. Akwai dattawan da ke ƙin shan ruwa tun daren ranar da za su zo wurinku, saboda sun san babu inda za su zaga.

Na biyu, yadda labari ke isowa gare mu. An manna sanarwar a allon sakatariya, an kuma sa ta a Facebook. Makaho ba zai karanta allo ba. Tsohuwar da idonta ya yi yana ba za ta karanta ƙananan rubutu a waya ba, in ma tana da wayar. In an yi shela a rediyo, kurma bai ji ba. Da yawa cikinmu a bakin maƙwabta muka ji, bayan kwanakin wa'adin sun ja. Wannan matsala ta fi muni a asibitocin da ke ƙarƙashinku, inda babu mai fassara da maganar hannu. Wata baiwar Allah kurma da ke cikinmu, ɗanta ƙarami da ya fara tasawa take tafiya da shi ya yi mata tafinta a gaban ma'aikacin lafiya, har a kan larurar da uwa ba ta so ɗanta ya ji. Idan yaron ya kasa fahimtar adadin ƙwayar da za ta sha, ita ce za ta ɗanɗana kuɗarta.

Na uku shi ne wanda na fi so ku tsaya a kansa, domin sauran duk daga gare shi suka taso: ba ku san mu ba. Jerin da ke hannunku jerin waɗanda suka iya zuwa ne, ko waɗanda suka san wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da nakasa mai tasiri, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, kusan mutum 1 cikin kowane 6. Ta kuma ce waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama, da yawansu ya kai biliyan 1 a 2020, za su kai biliyan 1.4 a 2030, su kai biliyan 2.1 a 2050. Ba na cewa alƙaluman yankinmu za su yi daidai da na duniya tsaf. Amma ku ɗauki yawan mutanen da kuke mulka, ku kwatanta da 'yan shafukan da ke cikin fayil ɗinku, za ku ga giɓin da kanku.

Su waye ba sa cikin jerin? Yaron da iyayensa suka ɓoye a ƙuryar ɗaki don gudun surutun mutane. Tsohuwar da 'ya'yanta suka yi nisa, take zaune ita kaɗai. Dattijon da ciwon mantuwa ya kama, wanda 'yan gida ke cewa rikicin tsufa ne kawai. Idan ma'aikacinku ya tsaya a ƙofar gida ya ce "akwai nakasasshe a nan?", yawanci amsar da zai samu ita ce babu. Shi ya sa masana ƙididdiga na Rukunin Washington, wanda aka kafa a 2001 ƙarƙashin inuwar Majalisar Ɗinkin Duniya, suka tsara tambayoyi 6 da ba sa ambaton nakasa ko sau ɗaya. Suna tambaya ne ko mutum na shan wahalar gani ko da ya sa tabarau, ko wahalar ji, ko tafiya da hawa matakala, ko tuna abu da tattara hankali, ko wanka da sa tufafi, ko fahimtar magana da fahimtar da wasu. Kowace tambaya kuma amsarta hawa-hawa ce, daga babu wahala har zuwa ba ya iyawa sam. Ma'aikacin lafiya na unguwa zai iya koyon wannan cikin ɗan lokaci, kuma ba ya buƙatar wata na'ura.

Amfanin irin wannan rajista ya wuce rabon tallafi. A watan Agustan 2003 an yi matsanancin zafi a Faransa, wanda ya yi sanadin mutuwar kimanin mutum 15,000, akasarinsu tsofaffi, da yawa kuma a ɗakunansu su kaɗai, ba wanda ya leƙa. Ƙasa ce mai arziki da asibitoci, amma ba wanda yake da jerin ƙofofin da ya kamata a ƙwanƙwasa. A 2004 suka yi dokar da ta wajabta wa magadan gari su riƙe rajistar tsofaffi da nakasassun da suka nemi a sa su, don a riƙa kiran su ko a je a duba su idan an shiga yanayi na haɗari. Ku lura, ba a ɗora wa ministan da ke babban birni wannan aiki ba, an ɗora shi ne a kan hukumar da ta fi kusa da mutane. Idan ambaliya ko gobara ko annoba ta zo mana gobe, Allah ya kiyaye, wa ya san gidan da ke da mutumin da ba zai iya gudu ba? Wa zai gaya wa kurma cewa an yi shelar a tashi?

Na huɗu, rabon kayayyaki. Duk ranar 1 ga Oktoba, ranar tsofaffi ta duniya, da ranar 3 ga Disamba, ranar nakasassu, akan kafa rumfa a yi jawabai a raba kekuna. Mun gode, ba ma raina alheri. Amma keken guragu kamar takalmi yake, sai an auna. Wanda ya yi wa mutum faɗi yana karkatar masa da ƙashin baya, wanda ya matse shi ko ba shi da matashi mai kyau yana jawo gyambo a mazaunai, kuma ga wanda ba ya jin rabin jikinsa, gyambon kan ci ya yi zurfi kafin a ankara, har ya kai ga rasa rai. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ba da keke: a duba mutum, a auna shi, a daidaita masa keken, a koya masa amfani da shi, a kuma riƙa bibiya. Mu namu ana sayo su ne duk girmansu ɗaya, irin na tura majinyaci a barandar asibiti, a miƙa wa yaro da babba. Bayan 'yan watanni taya ta fashe, birki ya saki, babu wurin gyara, sai ka ga keken a jingine a bayan ɗaki an ɗora masa kaya. Haka na'urar ji: an ba da ita, ba a faɗi inda za a samu batir ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da UNICEF a 2022 ya ce sama da mutum biliyan 2.5 ne ke buƙatar aƙalla kayan taimako guda, kusan biliyan 1 kuma ba su samu ba. Da wannan ƙaranci, abin takaici ne a ce ɗan wanda aka samu ma ya lalace don rashin mai ɗaure ƙusa.

Hanyoyi kuma ba sai na faɗa muku ba, kuna bi. Kwalbatin da aka buɗe don yashewa aka bar shi a buɗe, ramin da aka haƙa don bututu ba a cike ba, 'yan tireda da motoci sun cinye gefen titi. Mai ido da ƙafa zai tsallake, makaho sai ya ji shi a ciki. Faɗuwa kan kashe kimanin mutum 684,000 a duniya duk shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. Tsohon da ya karye a ƙugu sau da yawa ba ya sake miƙewa. Tun 1967 aka fara shimfiɗa tubali mai ƙuraje a birnin Okayama na Japan, wanda makaho ke ji da sanda ko tafin ƙafa ya san ya iso bakin titi. Mu ba mu kai ga roƙon wannan ba tukuna. A rufe ramukan.

Sai mu masu jinya, waɗanda ba ma cikin kowane jeri. Yawancinmu mata ne. Akwai wadda ta bar aiki, akwai yarinyar da aka cire daga makaranta don ta zauna da kakarta. Ba wanda ya koya mana yadda ake ɗaga babban mutum daga gado ba tare da mun ji ciwon baya ba, ko yadda ake juya shi a kai a kai don kada fata ta ɓare, ko yadda ake ba wanda haɗiya ke yi wa wuya abinci ba tare da ya ƙware ba. Da kuskure muka koya, a jikin iyayenmu. Zan kuma faɗi abin da ba a so a faɗa: gajiya da talauci da rashin mai karɓar ka ko na yini ɗaya sukan sa mutumin kirki ya yi tsawa, wani ya kai hannu, wani ya kulle tsoho a ɗaki ya fita. Akwai kuma masu riƙe katin cirar kuɗin tsohon su cinye abin da ya shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama sun fuskanci wani nau'in cin zarafi a cikin al'umma a tsawon shekara guda. Irin wannan ba ya zuwa ofis da kansa. Sai wanda ya shiga gidan ne zai gani.

Na san amsoshi biyu da za a ba mu. Ta farko, wannan aikin gwamnatin sama ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, wadda aka amince da ita a Disamban 2006 ta fara aiki a Mayun 2008, kuma ƙasashe sama da 180 suka rungume ta, ba ta tsaya a fadar shugaban ƙasa ba. Sashe na 9 na magana ne kan gine-gine da hanyoyi da sufuri da samun bayanai. Sashe na 19 ya ce nakasasshe na da haƙƙin zama cikin jama'arsa, a kawo masa taimako har gida. Sashe na 4 ya ce a tuntuɓe su kafin a yanke abin da ya shafe su. To wa ke riƙe da kasuwa da tasha da ƙaramin asibiti da hanyar unguwa, in ba ku ba? A Japan, da aka kafa inshorar kula da tsofaffi a shekarar 2000, hukumomin garuruwa aka damƙa wa tafiyar da ita, su ke tura wanda zai je gida ya duba irin taimakon da tsoho ke buƙata.

Ta biyu, babu kuɗi. Wannan gaskiya ne har zuwa wani wuri, kuma ba mu ce ku zama Japan ba. Amma rahoton duniya kan nakasa da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 ya nuna cewa idan tun a zanen gini aka yi la'akari da nakasassu, abin da zai ƙaru bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na kuɗin ginin ba. Tsadar tana zuwa ne idan an gama sannan a dawo ana fasawa. Sauko da tebur daga bene zuwa ƙasa kuwa ba ya cin ko sisi. Abin da ya fi rashin kuɗi damun mu shi ne rashin mai alhaki. Ka je sashen walwala a ce maganar lafiya ce, ka je lafiya a ce ta sashen ayyuka ce, ayyuka su ce sai an saki kuɗi, ma'aji ya ce babu wannan a kasafi. Kowa ya yi maka magana mai daɗi, ka fito hannu rabbana.

Saboda haka ga abin da muke roƙo, Ranka ya daɗe.

A dakatar da wa'adin nan, kada a cire sunan kowa sai an je gidansa an gani da ido. Wanda ba zai iya fitowa ba, ma'aikaci ya same shi inda yake tare da kansilan mazaɓarsa, kuma inda na'ura ta ƙi karɓar yatsa a karɓi hoto da shaidar mutum biyu. Wannan ziyara ita ce za ta kama sunayen bogin da kuke nema, domin wanda babu shi ba shi da gadon da za a same shi a kai. In an shiga gidajen, a tafi da tambayoyin nan 6, a fara rajista ta gaskiya, da yardar mutum, a kuma tsare sirrinsa, kada gobe mu ga jerin a hannun 'yan siyasa ko 'yan damfara.

A sauko da sashen walwala ƙasa a cikin wannan wata, a sa kujeru da inuwa, a gyara banɗaki guda. A naɗa jami'i ɗaya, mai suna da lambar wayar ofis da kowa zai sani, wanda zai karɓi kokenmu ya bi shi sashe-sashe da kansa, maimakon a riƙa tura gurgu yana zagaya gini. Duk sanarwar da ta shafe mu a fitar da ita da murya, da manyan haruffa, da maganar hannu, a kuma samar da mai fassara a asibiti ko da a ranaku sanannu ne a mako.

Kuɗin rumfa da jawaban ranakun biki, a karkatar da su ga horar da masu auna keke da masu gyaransa. Cikin nakasassun kansu akwai masu hannu da za su riƙe wannan sana'a. Ma'aikatan lafiya na unguwa su riƙa leƙa na kwance lokaci-lokaci, su duba hawan jini da fatar baya, su koya wa mai jinya abin da ya kamata, su kuma san inda za su kai rahoto in sun ga alamar duka ko yunwa. Daga yau kada a amince da zanen wani ginin jama'a, kasuwa ce ko makaranta ko tasha, sai yana da hanyar keke, kuma kada a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe sai mai keke da makaho sun shiga sun fita da kansu.

A ƙarshe, a ware wa wannan hidima layinta a kasafin kuɗi, da sunanta, a kuma riƙa bayyana abin da aka saki da abin da aka kashe. Muna neman ku ba mu rana kafin a gabatar da kasafin baɗi a zauren majalisarku, mu zo da wakilanmu, tsofaffi da nakasassu su yi magana da bakinsu ba ta bakin irina ba. A yi zaman a ɗakin ƙasa, a tanadi mai fassara, a kuma sanar da mu da wuri don mu samu waɗanda za su zauna da majinyatanmu. Za mu kawo kwafin wannan wasiƙa ofishin sakatare, kuma muna jiran amsa a rubuce.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa ku gama lafiya.

Taku,
Wata mai jinyar mahaifinta, a madadin iyalan tsofaffi da nakasassu na wannan ƙaramar hukuma.